Jan Hankali A Kan Baƙin Cikin Manomi

 Ku sani duk shekarar da masifa ta faɗa wa gonaki a ƙasar Wudil, ko ambaliya ce, ko fari, ko tsutsa, akan aiko ma'aikata daga Kano da takardu da alƙaluma, su ƙidaya kadada nawa ruwa ya ci, da gida nawa ya rushe, da buhu nawa aka yi hasara, sa'an nan su koma. Wannan aiki ne mai kyau, ba mu raina shi ba. Amma akwai wata hasara wadda ba ta shiga takarda, ita ce ta mutumin da ya tsaya bakin gonarsa ya ga wahalar wata biyar ta tafi cikin dare ɗaya, ya komo gida bai ce wa kowa uffan ba, tun daga ranar kuwa barci ya ƙaurace masa. A kan wannan mutum muke son mu yi magana yau, domin ana barinsa shi kaɗai da abin da ya fi ƙarfinsa, har wani ya zautu, wani ya faɗa shaye-shaye, wani kuma, Allah ya kiyashe mu, ya kai ga cutar da ransa.

Mazaunin birni yana iya cewa ai noma haka ya gada, shekara kwana ce, in ba a samu bana ba a samu baɗi. To, sai ya dubi abin da ya sauka kan manomi cikin 'yan shekarun nan, ɗaya na bin ɗaya. Cikin 2016 tsutsar nan da manoma suka raɗa wa suna sharon ta cinye tumatir a Kura da Kadawa da Garun Malam, har Gwamnatin Kaduna ta yi shelar dokar ta-ɓaci a kanta. A shekarar ce kuma wata baƙuwar tsutsa ta ɓulla cikin masara. Cikin 2022 aka yi ambaliyar da ta halaka mutum fiye da 600 a faɗin Nijeriya, kwarin kogin nan da yake ratsawa ƙarƙashin gadarmu ya cika ya tumbatsa, ya kwashe shinkafa da gero har Ringim da Auyo da Haɗeja. Mutane ba su gama share hawaye ba sai ga canjin kuɗi a farkon 2023, ran Juma'a mutum ya ja ragonsa zuwa Kara ya rasa mai tsabar kuɗin saye, ya sayar a wulaƙance. Watan Mayu na 2023 aka janye tallafin fetur, alhali injin ban-ruwa na fadama ba ya shan komi sai fetur. Cikin 2025 kuwa farashin hatsi ya faɗi, na taki bai bi shi ba, wanda ya noma da tsada ya sayar da araha. Wasu har wa yau suna ɗauke da ragowar bashin noman shinkafa na Babban Banki, wanda aka buɗe a Kebbi cikin 2015.

Gaskiya ne iyayenmu da kakanninmu sun ga abin da ya fi wannan. Sun ga yunwar Kakalaba ta 1914, sun ga farin 1973, sun ga cutar da ta kashe gyaɗa cikin 1975 har dalar gyaɗa ta zama labari. Amma a lura da bambanci guda, domin a nan mas'alar take. Su a gandu suke noma, uba da 'ya'ya da ƙanne cikin gona ɗaya, iri daga rumbunsu yake fitowa, taki daga turken dabbobinsu ko daga shanun Fulani da suka kwana a sauran gona. In aiki ya yi yawa a kira gayya. In shekara ta ƙi, dukan gida ta ƙi, dukan ƙauye ta ƙi, ba wanda zai nuna wani da baki. Manomin yau kuwa da bashi yake fara damina. Iri na saye ne, taki na saye, maganin feshi na saye, ga hayar tarakta, ga kuɗin 'yan ƙwadago, duk kuwa da sunansa shi ɗaya aka rubuta. Gandu ya watse, an raba gonaki gutsi-gutsi, samari sun tafi birni haya da babur. Saboda haka in hasara ta zo, a wuyan mutum ɗaya take sauka, tare da kunyar mai bin bashi da zai yi sallama a ƙofar gida gaban iyali. Wanda ya san Bahaushe ya san yunwa ba ta karya shi kamar yadda kunya take karya shi.

Sa'an nan an tarbiyyantar da mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Maigida ba ya kuka, ba ya kai ƙara. Don haka ba za ka ji manomi ya ce baƙin ciki ya kama shi ba. Abin da zai ce shi ne ƙirjinsa ya yi nauyi, kansa yana ɗaukar zafi, wani abu yana yi masa yawo a jiki, gaɓoɓinsa sun mutu. Ya je kemis a ba shi maganin zazzaɓi, ya sha, ya koma, a sake ba shi wani, ciwo kuwa yana nan. Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Mutumin da kullum shi ne a sahun farko ya fara makara, daga nan a daina ganinsa. Ya bar zama majalisa bayan la'asar. A kai masa tuwo ya komo kamar yadda aka kai. Ya farka tun tsakar dare ya zauna shiru har asuba. Mai haƙuri ya koma mai faɗa da matansa kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya fara cewa shi ba shi da amfani, gara ma ba ya nan. In irin wannan hali ya wuce mako biyu bai sassauta ba, to likitoci sun ce ciwo ne, suna kiransa ciwon damuwa, yana da magani kamar yadda ciwon sukari yake da shi. Kada kuma a manta da mata. Ita uwargida ita ke auna hatsin da ba ya isa, ita ke rarrashin yara, wata kuma ciwon yakan kama ta bayan haihuwa, a ce mata iska ce ko kishi ne, a bar ta cikin ɗaki.

Yanzu sai mu juyo kan 'yan'uwanmu malamai da limamai, Allah ya gafarta muku, domin mafi nauyin maganar a kanmu take. Kowa ya sani mutumin ƙauye in abu ya dame shi ba asibiti yake fara zuwa ba, zauren malam yake fara zuwa. Wannan amana ce babba, kalmar da aka faɗa masa a zauren kuwa tana iya ɗaga shi, tana iya ƙarasa shi. Akwai mai ce masa, “Kai dai ba ka da tawakkali, da imaninka ya cika da ba ka damu ba.” Mutum ya zo da kaya ɗaya ya koma da biyu, ga baƙin cikin gona, ga zaton Ubangijinsa yana fushi da shi. Ina aka samo wannan fatawa? Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi, ba wanda ya isa ya ce imaninsa ya ragu. Malaman tarihin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sun kira shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalib suka rasu shekarar baƙin ciki. Haƙuri da aka umurce mu da shi shi ne kame harshe da gaɓoɓi daga abin da Allah ya hana, zuciya kuwa tana jin ciwonta, ba a kama bawa da wannan.

Akwai kuma mai ɗora kowane abu a kan aljani ko sammu. Ba mu musun abin da addini ya tabbatar. Amma mutumin da ruwa ya ci gonarsa, ana binsa kuɗin taki buhu goma, ba sai an nemo masa aljani ba kafin a gane abin da ya hana shi barci. Mafi muni kuma a ce masa ɗan'uwansa ne ko kishiyar uwarsa ta yi masa asiri, a raba shi da mutanen da ya fi bukata a wannan lokaci.

Magabatanmu ba haka suka ɗauki al'amarin ba. Abu Zaid al-Balhi, wanda ya rasu shekara ta 322 bayan Hijira, watau 934, ya wallafa littafi a kan gyaran jikuna da rayuka, a ciki ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai wanda sababinsa sananne ne, kamar mutuwa ko hasarar dukiya, maganinsa nasiha da rarrashi da gyaran tunani. Akwai kuma wanda yake sauka wa mutum ba da wani dalili bayyananne ba, ya ce wannan asalinsa daga jiki ne, sai an haɗa da maganin jiki. Yau fiye da shekara dubu ke nan. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira cikin 1284 yana da sashe na masu ciwon hankali, ana ciyar da su ana yi musu magani daga dukiyar wakafi. A nan ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wallafe-wallafe a kan ilmin ɗibbu. Kowane ɗalibi kuma ya san kiyaye hankali yana cikin larurai biyar da shari'a ta zo don tsare su, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. To, malam ya yi addu'a, ya yi tofi, ya zauna ya saurari mutum har ya amayar da abin da ke cikinsa, wannan duk alheri ne. Amma in ya ga alamun da muka ambata sun daɗe, ko mutum ya fara jin muryoyi, ko yana ambaton mutuwa, wajibi ne ya ce wa dangi su kai shi ga likita, in da hali ma ya haɗa su da wani babban almajirinsa ya raka su. Wanda ya karye a ƙafa muna yi masa addu'a, muna kuma kiran maɗori, ba mu taɓa jin an ce ɗayan ya ɓata ɗayan ba.

Batun mari da sarƙa ba ya bukatar dogon bayani. Duniya ta ga abin da aka fito da shi daga gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura cikin 2019, abin ya zubar da mutuncin makarantun allo da ba su ji ba ba su gani ba. Dokar lafiyar hankali da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, aka yi shelarta cikin Janairun 2023, ta shafe tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana ɗaure marar lafiya da sarƙa. Mara lafiya ba fursuna ba ne, duka kuwa bai taɓa mayar wa kowa da hankalinsa ba.

Sai dai in mun ce a kai shi ga likita, lalle ne mu tambaya, ina likitan? Likitocin wannan fanni a Nijeriya duka ba su kai 300 ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, yawancinsu kuma suna manyan birane. Mutumin Utai ko Darki ko Lajawa in zai je asibitin Dawanau sai ya shiga Kano, ya ratsa birni, ya fita ta hanyar Katsina, shi da mai rakiya, kuɗin mota biyu zuwa da komowa, ga kuɗin magani, alhali rashin kuɗin ne ya kwantar da shi tun farko. Ga kuma tsoron a ji an kai shi Dawanau, a ce gidan wane akwai hauka, a fasa auren 'yarsa. Saboda haka muke roƙon hukuma ta kawo abin kusa. Tun 1991 Gwamnatin Nijeriya ta rubuta cewa kula da lafiyar hankali yana cikin ayyukan ƙananan asibitoci na karkara. A cika wannan alkawari mana. A koya wa malaman asibiti na ƙauyuka yadda za su gane ciwon damuwa in ya zo musu da rigar ciwon ƙirji, a ajiye musu magungunansa, waɗanda ba masu tsada ba ne. A riƙa aiko ƙwararre daga Dawanau ko daga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano zuwa babban asibitin Wudil ran Juma'a, ranar da ƙasar nan duka take shigowa kasuwa, mutum ya zo da akuyarsa ya biya ya ga likita ba wanda ya san abin da ya kawo shi. A kuma gaya wa masu sha cewa irin wannan magani ba ya nuna aikinsa sai bayan mako biyu zuwa huɗu, kada su yar da shi ran kwana uku su ce bai karɓe su ba, kada kuma su yanke shi farat ɗaya ba da sanin likita ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar baƙar fata. Cikin 1954 wani likita Bayarabe, Thomas Adeoye Lambo, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda yake saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da wani nasu, su je asibiti da rana su kwana cikin jama'a, yana kuma shawara da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. A ƙasar Zimbabuwe kuma, tun 2006, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata yadda ake sauraron mai damuwa, suna zama kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, mutum ya zo ya zauna su tattauna matsalarsa su warware ta ɗaya bayan ɗaya. Da aka gwada tsarin aka buga sakamakonsa cikin 2016, sai aka ga waɗanda suka zauna da tsofaffin sun fi samun sauƙi. Mutanen can suna kiran ciwon da kalmar da ma'anarta yawan tunani, kamar dai yadda muke cewa tunani ya yi wa wane yawa. Mu da muke da zaure da dakali da gindin bishiya, da limamai da ungozomomi da Sarakunan Noma, ba benci muka rasa ba, koyarwar ce ba a kawo mana ba. Malaman gona na KNARDA su ne suke fara ganin gonar da ta lalace, ya kamata a koya musu su dubi mai gonar kuma. Jami'ar kimiyya da ke nan Wudil tun 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote cikin 2022, tana koyar da aikin gona, ɗalibanta suna shiga ƙauyuka da takardun tambaya a kan iri da taki. Su ƙara tambaya ɗaya a kan barcin manomi.

Amma fa a sani, ƙwayar likita ba ta biyan bashi. Wanda bashi ya hana shi barci, rabin maganinsa yana hannun mai binsa. Shari'a ta wajabta a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu, ta kuma nuna yafewa ta fi. Malamanmu na mazhabar Maliki sun buɗe babi a cikin ciniki ana kiransa ja'iha, yana nan cikin Risala ta Ibn Abi Zaid wadda muka karanta muka karantar. Wanda ya sayi 'ya'yan itace tun suna kan uwarsu, sai fara ko ƙanƙara ta halaka sulusinsu ko fiye, ana sauke masa kuɗi gwargwadon abin da ya halaka. Ba muna cewa wannan hukunci ya hau kan kowane bashin taki ba, wannan aikin alƙalai ne. Abin da muke nunawa shi ne shari'a ba ta son masifar sama ta sauka a kan mutum ɗaya, sauran su kakkaɓe riga. Attajiran da ke ba da taki da damina a biya su da hatsi da kaka, su ji tsoron Allah a shekarar da gona ta ƙi, kada su kai talaka gaban hukuma ko su tsaya masa a ƙofa ranar kasuwa. Masu unguwanni da dagatai, ranku ya daɗe, ku shiga tsakani tun magana ba ta fita ba, a rubuta sabon wa'adi gaban shaidu.

Ga zakka kuma. Wanda Allah ya cika wa rumbu, hatsinsa ya kai wusuƙi biyar, yana fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar, ko rabin haka in da wahalar ban-ruwa ya shayar. Wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aka ambata a masu cin zakka, malamanmu kuma sun ce a raba ta a wurin da ta wajaba. To, don me za a ɗora ta a mota a kai birni, ga maƙwabcin da kuka haɗa iyaka ruwa ya share tasa gonar? A kai masa da dare, yaro bai gani ba. Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano ita ma ta ware wani kaso domin sauke bashin ƙananan manoma, ta riƙa fitar da shi da kaka, lokacin da masu bin bashi suke fitowa.

Abu biyu suka rage, dukansu a cikin gidan manomi suke. Na farko ƙwayoyi. Samari 'yan ƙwadago suna shan tiramol don su yi aikin mutum biyu, daga nan ba sa iya ɗaga fartanya sai da shi. Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin cikin 2018, wani bincike da aka yi kuwa ya nuna mutum wajen miliyan 14 ne a ƙasar nan suka taɓa kayan maye cikin shekara guda. Mai gonar da ya san yaransa suna sha ya yi shiru don aiki ya yi sauri, yana da rabonsa na alhaki. Na biyu maganin ƙwari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen ɗaya cikin biyar na masu halaka kansu a duniya da irin wannan guba ne, yawancinsu kuwa mutanen karkara ne, cikin ɓacin ran sa'a guda wanda da an jinkirta da ya wuce. Ƙasar Siri Lanka da ta hana mafi haɗarinsu, masu kashe kansu sun ragu da wajen kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. A nan ma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabe na wani irinsa a kasuwanni cikin 2019. Kada a ajiye shi a ɗakin kwana ko ƙarƙashin gado. A saya gwargwadon feshin ranar, ragowar a kulle, in kuwa maigida ne ba shi da lafiya, mabuɗi ya koma hannun ƙaninsa. Wanda kuma ka ji yana ambaton gajiya da rayuwa, ka keɓe da shi ka tambaye shi a fili ko yana tunanin cutar da kansa. Likitoci sun tabbatar tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita ce take buɗe masa baki. In ya ce i, kada a bar shi shi kaɗai a wannan dare, gari na wayewa a kai shi asibiti.

Roƙonmu ga ma'aikatar lafiya ta Kano shi ne, duk takardar gargaɗi da za ta buga a kan wannan al'amari ta buga ta da ajami tare da boko, a liƙa a masallatan Juma'a da ƙofar Kara da shagunan masu sayar da taki, domin dattijon da ake nufi da ita ya sauke Alƙur'ani tun yana yaro, baƙaƙen Larabci yake karantawa. A kuma aika wa limamai kafin watan girbi ya kama.